Mai Ganye da Ƙafar Yayata

Mijin yayata bai taɓa zama a aji ya karanci haɗa sinadarai ba, amma ya daɗe a ɗakin gwaje-gwaje na makarantar da nake aiki har ɗalibai suka manta sunansa na yanka, kowa sai Mai Ganye. Ni ma haka nake kiransa, tun ina yi don tsokana har ya zame min jiki. Shi kuma Sakatariya yake ce min, don ni ce mai buga takardu a ofishin da ke kallon ƙofarsu, kuma shi ya yi min hanyar aikin.

Da aikin lambu ya shigo makarantar, yana saurayi. Shi ke ban ruwa, shi ke aske shingen furanni da wani almakashi da ya kusa kai tsawon hannunsa. Farfesa, matar da ke shugabantar ɗakin gwajin, ta riƙa aikensa tsinko ganyen gwaiba, shi kuma ba ya kawowa sai ya wanke ya tsane. Daga kawo ganye ya koma shanyawa, daga shanyawa ya koma niƙawa, har wata rana aka miƙa masa farar riga. Rigar nan ko ni ba ya yarda in jingina da ita. Da kansa yake wanke ta, da kansa yake goge ta, kuma ba ya cin abinci da ita a jikinsa.

Aikin nasu, in ka cire manyan kalmomi, girki ne. A shanya ganye a inuwa a kan dogon benci, a niƙa, a tafasa a tataccen ruwa, a tace har ya zama kamar shayi. A wata kwalbar gilashi mai dogon wuya kuma a narka gishirin jan ƙarfe, ruwan ya fito shuɗi garau. Sai a ɗora kwalbar a kan wani ɗan murhun lantarki, wani guntun ƙarfe na wulwulawa a cikinta, a riƙa ɗiga ruwan ganyen kaɗan-kaɗan. Daga nan sai jira. Ɗalibai ba su iya jira ba, su fita shan iska, su dawo, su latsa waya. Mai Ganye kuwa sai ya ja kujera ya zauna, ya tallafe haɓa, ya zuba wa kwalbar ido. Shuɗin ya koma kore, koren ya yi duhu, ya koma ruwan ƙasa mai kauri. A nan zai miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, “Ya juya.”

Wannan kalma ta zama ta ɗakin gaba ɗaya. Ɗalibin da haɗinsa ya ƙi zai leƙo a sanyaye ya ce, “Baba, nawa fa bai juya ba.” Shi kuma ya ce, “Ganyenka ya kwana a rana, ko kuma ka yi masa gaggawa. Sake.” A wurinsa, duk abin da ya yi duhu ya yi kyau. Bayan juyin sai a sa a injin da ke wulwula kwalabe har laka ta kwanta a ƙasa, a wanke lakar, a busar, a gasa a ƙaramin tanderu, a niƙa. Abin da ke fitowa baƙin gari ne mai laushi kamar kwalli. Farfesa ta ce kowace ƙwayarsa ta yi ƙanƙantar da ko madubin duba ƙwayoyin cuta na yau da kullum ba ya nuna ta, shi ya sa suke ce musu ƙwayoyin nano.

Akwai ɗan ɗaki a ciki, mai sanyi, inda ake gwada garin. Ana shuka ƙwayoyin cuta a kan wani jeli mai kama da daskararren koko a farantin gilashi mai murfi, a huda rami a tsakiya, a ɗiga garin da aka dama. Washegari farantin ya yi hazo da ƙwayoyin cuta ko'ina, ban da kewayen ramin. Nan sai ka ga zobe fes, ba abin da ya tsiro. Mai Ganye na son zoben nan kamar me. Yakan ɗauko faranti ya zo har teburina ya ɗaga min a hasken taga.

“Sakatariya, kin ga aikin maza. Ke kina can kina ƙwanƙwasa maɓallai.”

“Ɗauke min ƙazantarka daga kan takarduna,” in ce.

“Ƙazanta? Duba nan. Ko ɗaya ba ta rayu ba.”

Duk lokacin da baƙi suka zo, Farfesa kan tsaya gaban bencin ta ce wannan koren haɗi ne, ganye ke yin aikin da a da sinadarai masu guba ke yi, ba sa zubar da dafi a kwata. Gaskiya take faɗa. Mai Ganye na tsaye a bayanta, hannu a baya, yana gyaɗa kai, ya ji wannan jawabi ya fi a ƙirga. Abin da ya zauna masa a kai shi ne: na ganye ne, ba guba, kuma yana kashe cuta. Ni da na buga kalmar koren nan a takardun ɗalibai har yatsuna sun haddace ta, yau ko a allon talla na gan ta sai raina ya ɓaci.

Yayata tela ce. Keken ɗinkinta na ƙafa ne, a ɗan falonsu yake, kusa da taga, kuma da shi ta yi rabin hidimar gidan har yaransu suka tashi suka watse. Ciwon suga ya daɗe a jikinta. A hankali ƙafafunta suka daina ji, takan taka allura ba ta sani ba sai ta ga jini a tabarma. Mace ce mai dariya da ciwonta, in na yi mata faɗa ta ce, “Ke dai kin fiye baki, ƙafar da ba ta ciwo ai hutu ce.”

Wani sabon takalmi ne ya goge mata ƙaramin ɗan yatsan ƙafar dama. Kafin ta lura wurin ya zama gyambo, yana ruwa. Ni na raka ta asibiti. Likita ya duba, ya danna nan ya danna can, ya ce sai an kwantar da ita an kankare wurin an ba ta magani ta jijiya, kuma ta shirya wa jin cewa wataƙila ɗan yatsan ba zai tsira ba. Yaya ta ce za ta je gida ta ɗauko kaya. Muna isa gida ta zauna a bakin gado ta ƙi motsi.

“Malam,” ta ce wa mijinta, “ni ba zan koma ba. Yadda Allah ya halicce ni haka nake so in koma masa.”

“Yaya, ɗan yatsa ɗaya ne fa,” na ce. “Kuma cewa ya yi wataƙila.”

“Naki ne?”

Mai Ganye ya durƙusa ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya ce, “Ba wanda zai yanke miki komai. Ki bar min wannan.” Da na matsa, ya ce akwai wani wurin wankin ciwo kusa da su, can zai riƙa kai ta. Yaya ma ta ce haka ne. Duk lokacin da na zo, ƙafar na naɗe da bandeji fari tas, an ɗora safa a kai, in na tambaya su haɗa baki su ce da sauƙi.

Abin da ya faru a makonnin nan, daga bakinsa na ji daga baya, a barandar asibiti. Babu wani wurin wankin ciwo. Ragowar garin da ke maƙalewa a turmin niƙa ya riƙa kankarewa yana tarawa a wata 'yar kwalba. A gida ya kwaɓa da man shafawa. Kullum kafin ya fita aiki, da kuma in ya dawo, zai wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu yadda ya ga ana yi a ɗaki mai sanyi, ya tafasa ruwa ya bar shi ya huce, ya wanke gyambon, ya shafa, ya naɗe. Ba sakaci a ciki ko kaɗan, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da a ce ganganci ya yi, da na san inda zan ajiye fushina.

Kuma da farko abin ya yi kamar yana yi. Ruwan ya tsane, warin ya ragu, saman ya yi ɓawo. A kwanakin nan har fito yake yi a wurin aiki. Na tuna na ce masa, “Mai Ganye, ko amarya za ka yi wa Yaya ne?” Ya yi dariya ya ce, “Ke dai jira, akwai labarin da zan ba ku ke da Farfesa.”

Sai ɗan yatsan ya yi baƙi. Ya ɗauka garin ne, tunda garin baƙi ne. Ya goge da auduga, baƙin bai fita ba. Bayan 'yan kwanaki na kusa da shi ma ya yi duhu, duhun ya fara hawa bayan ƙafar. Duk wani mai hankali da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, da ya ga haka zai ɗauki matarsa ya ruga. Shi kuwa rabin rayuwarsa ya yi yana jiran abu ya yi duhu don ya san aiki ya yi. Ya ce min ranar da ya ga launin ya sauya, har hamdala ya yi. Yaya ba ta jin zafi, ba ta iya sunkuyawa ta ga wurin da kyau, kuma ta yarda da mijinta. Da zazzaɓi ya zo, ya sayo mata maganin zazzaɓi.

Wata Asabar da rana na je da yadin da nake so ta ɗinka min. Keken na rufe da zane, ƙura ta kwanta a kai. An fesa turare a ɗakin har yana shaƙe mutum, amma a ƙarƙashin turaren akwai wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Yaya na kwance, ta lulluɓa da bargo a wannan zafi, haƙoranta na haɗuwa. Na kira ta, ta amsa min da sunan mahaifiyarmu da ta daɗe da rasuwa.

Ban tambayi kowa ba na yaye bargon na zare safar. Ina cikin warware bandejin ya shigo da butar ruwan zafi.

“Sakatariya, kar ki taɓa, hannunki ba wanke ba.”

Na ƙarasa warwarewa. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, sun motse. Bayan ƙafar ya kumbura yana sheƙi, ja ya hau har idon sawu ya wuce.

“Mene ne wannan?” na ce.

“Maganin ne yake aiki. Ya juya ne.”

Wallahi da fuskar da yake faɗa wa ɗalibai ya faɗa min, har da ɗan murmushi. Na ce masa abubuwan da ƙanwar mata ba ta faɗa wa mijin yayarta, ban kuma janye ko ɗaya ba har yau. Na fita titi ba takalmi na tare mota. Shi ya ɗauko ta a hannu ya sa a kujerar baya, yana ta cewa a yi a hankali kar ɓawon ya fashe.

A asibiti nas ta zuba ruwa ta wanke ƙafar. Baƙin man ya bi ruwa ya tafi, baƙin naman ya tsaya. Likitan da ya zo ya tambayi me ake sa mata. Mai Ganye ya zaro 'yar kwalbar daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

“Na ganye ne, ranka ya daɗe. A wurin aikinmu muke yi. Yana kashe ƙwayoyin cuta, da idona nake gani.”

Likitan ya juya kwalbar, ya ajiye, bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai iya cewa garin ne ya yi duk ɓarnar ba, ciwon suga da kansa yana toshe hanyar jini, cutar kuma ta riga ta shige ciki har ƙashi, inda ba abin shafawa da zai kai. Abin da garin ya yi shi ne ya busar da sama ya rufe launin, ya cinye musu lokaci. Ya ce ranar farko maganar ɗan yatsa ake yi. Yanzu maganar ranta ake yi, kuma sai an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa, yau ba gobe ba.

“A ɗan ƙara mata kwana biyu mana,” in ji Mai Ganye. “Wani haɗin yakan yi jinkiri.”

“Baba,” likitan ya ce, “naman ya mutu.”

Shi aka ba biro ya sa hannu, tunda Yaya ba ta cikin hayyacinta. Ya sa. Aka tura ta ɗakin tiyata, muka zauna a benci, shi a wancan ƙarshe ni a wannan. A nan ya ba ni labarin duka, ba tare da na tambaya ba, idonsa a kan tayil.

Farfesa ta zo da yamma, don na kira ta. Yana ganinta ya miƙe tsaye, hannu a baya, kamar baƙi sun shigo ɗakin gwaji.

“Baba, me ya sa ba ka tambaye ni ba?”

“So nake sai ta warke in kawo miki ita ki gani, ranki ya daɗe. Ai ke kika ce ba guba.”

Farfesa ta dafa bango. Ta ce hanyar yin garin take nufi, ba shi garin kansa ba. Ganyen yana taimakawa ne kawai a haɗa, abin da ke fitowa daga tanderu jan ƙarfe ne da ya ƙone, ba ganye ba. Ta ce kwalaben da yake naɗe mata a aika wani birni, can ana gwada garin a kan ƙwayoyin halitta masu rai irin na jikin mutum, kuma in ya yi yawa su ma kashe su yake yi. Ta ce shi ya sa har yau ko a jikin ɓera ba su kai ga gwada nasu ba.

“To zoben fa?” ya ce.

“Zoben gaskiya ne, Baba. Amma a faranti.”

Ya gyaɗa kai yadda ya saba gyaɗa mata. Ya koma ya zauna. Ita ma ta zauna a tsakaninmu ta rufe fuska da mayafi, har aka turo gadon Yaya.

Yaya ta rayu. Na tsani mijinta a ranar, na tsane shi makonni bayan nan, ina wuce shi a barandar makaranta kamar ban san shi ba. Amma tsanar ba ta samu wurin zama sosai ba, don kullum ina ganin yadda yake ramewa, rigar tana masa yawa. Yaya kuwa ko sau ɗaya ba ta ɗora masa laifi ba. Da na fara, sai ta ce, “Ni na ce ba zan koma ba. In za ki zagi wani, ga ni.” Wannan ma haushi yake ba ni, don ya hana ni abin faɗa.

Bayan an sallame ta nakan biya bayan aiki in taya su. Wata la'asar ina ninke wanki a kan kujera, Yaya na kwance rigingine, dungulmin na kan matashi. Shi yana zaune a ƙasa yana jera mata magungunanta a faranti. Sai ta fara mutsu-mutsu, tana cije leɓe.

“Malam, tafin ƙafata ke ƙaiƙayi. Sosa min.”

Ya matso ya kama ta hagu.

“Ba wannan ba. Ta dama.”

Ya tsaya. Ya dube ni, ni kuma na dubi wankin da ke hannuna. Nas ta taɓa gaya mana hakan na faruwa, mutum ya riƙa jin abin da aka cire, amma ji daban gani daban.

“Don Allah yi sauri, kamar tururuwa ke bi na.”

Ya rarrafa zuwa ƙarshen gadon. Ya auna da ido daga gwiwarta zuwa inda ƙafar hagu ta tsaya, ya kai hannu gefenta, inda babu komai sai zanin gado, ya fara sosa katifar. Ana jin ƙarar farcensa a kan yadin. Yaya ta ɗaga kai tana kallon hannun nasa.

“Ƙasa kaɗan,” ta ce. “Wajen ƙaramin.”

Ya matsa ƙasa kaɗan. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a zanin, bai share ba, bai kuma daina sosawa ba.

“Yauwa, nan,” in ji Yaya, ta mai da kanta kan matashi ta rufe ido. “Kar ka bari.”